Taƙi Ɗaya da Yatsa Uku

Shekarar da aka kawo lam garejinmu na Tasawa ina da 'ya ɗaya tak, mai shekara shida, kuma ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa yaron ya yi sai uban ya kau da kai kamar na maƙwabta ne ya faɗi. Tata kuma ta zo biyu, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, a kwanonta take ci. In ta kama dole in yi zancenta sai in ce "takwarar tsohuwa", in kuwa da ita nake magana sai in ce "ke".

Ita ma ba ta ce mini Baba. Ta ji mutanen gari suna ce mini shofer, wato direba, sai ta ɗauka sunana ke nan. Hirarmu kuwa ta hannun Inna take bi. Zuwana gida na ƙarshe, ana cirar gyaɗa, na tarar da ita a tsakar gida ta ba ni baya tana 'yar carafke da ƙwallon aduwa. Garinmu rairayi ne zalla, sai ka yi yini kana tafiya ba ka taka tsakuwa ɗaya ba, shi ya sa 'yan mata ke wasan da abin da suka samu. Ba ta waiwayo ba ta ɗaga murya.

"Inna, ce ma Shofer ƙwallon aduwa ba shi da nauyi. An ce Tasawa akwai duwatsu."

Inna ta dube ni ta ce, "Ka dai ji."

Na dubi danga na ce, "An ji."

Wannan ita ce doguwar hirar da muka taɓa yi, ni da ita. Na koma Tasawa ina jin daɗinta a raina, ba wanda na gaya wa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa kuwa, gujiya a bakinmu, ita ke juya ƙasar. Kamfanin da nake yi wa aiki yana saye yana tarawa, kamiyoyinsa, wato manyan motocin kaya, suna bin ƙauyuka suna kwaso buhuna. Wajen kudu ba matsala. Arewa ce ta gagara, wajen Mayahi, inda ƙauyenmu yake, gaba kaɗan da Alasan Mairairai. Wanda ya raɗa wa garin nan suna bai yi masa ƙarya ba. Kamiyo na shiga tuddan rairayin nan sai ya kafe har ciki, a kwana biyu ana haƙa. Don haka gyaɗarmu a bayan raƙuma da jakai take fitowa. Shef, wato shugaban garejinmu, ya ce shekarar nan sai an buɗe hanya kafin a rufe saye, shi ne aka aiko mana da lam.

Lam wani faffaɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa da ake ɗaura wa tarakta a gaba, ta riƙa tura ƙasa da shi. Yana da hannuwa biyu da ake kamawa a jikin tarakta da manyan kusoshi masu zare, da wayar ƙarfe da ake naɗewa a ɗaga shi ko a sauke. Tarakta kuwa ɗaya ce a garejin, tsohuwa tukuf, Turawan wata gonar gwaji suka tafi suka bar ta. Da manibel ake tayar da ita, wato ƙarfen da ake zura mata a hanci a juya, in ranta ya ɓaci ta mayar maka da shi ta targaɗa maka hannu. Shekara huɗu ina fama da ita. Na san tarinta, na san yaushe take ƙarya, ban kuma yarda kowa ya hau mini ita ba.

Da muka gwada sai muka ga lam ɗin ba nata ba ne. An yi shi ne don wata tarakta mai faɗin ƙugu, hannuwansa sun wuce ramukan jikin tawa. Jikin kuwa zubi ne, ba ya ɗaukar walda, in ka ce za ka huda shi sai ya tsage. Shef ya zaga ta sau biyu yana sosa ƙeya. Mutumin kirki ne, ɗan lakkol, wato ɗan boko, ba ya gama magana bai yayyafa mata Faransanci ba.

"Bon," ya ce. "Kai ka san matarka. Sai ka rage mata rigar daidai jikinta."

Na kwanta ƙarƙashinta na yi nazari. Dabarar da ta zo mini ita ce in yanko faranti biyu masu kauri daga ƙashin wani mataccen kamiyo da ke bayan gareji, in liƙa kowanne a hannun lam da walda, a huda masa ramuka biyu daidai da na jikin tarakta. Injin hujinmu ba shi da bakin da ya kai kaurin kusoshin, ramin da wutar walda ke ci kuma ba ya fita daidai, kusa sai ta riƙa rawa a ciki. Sai dai maƙera. Na lissafa kwana biyu in gama.

Ina nan kwance, ranar kasuwa ce, na ga ƙafafu biyu sun tsaya a kaina, na kuma gane takalman. Kawuna ne, ƙanen Inna, ya kawo gyaɗa a raƙumi. Na fito na durƙusa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida a dunƙule. Sai da ya gama duka sannan ya ce:

"Suna gaishe ka. Takwarar tsohuwa ce baƙon dauro ya kama, amma da sauƙi."

Ni Bahaushe ne, na san abin da "da sauƙi" take nufi, wato ba ta nufin komai. Mutum yana shure-shuren mutuwa, ka tambayi masu jinya, su ce maka da sauƙi. Abin da ya kamata in tambaya a fili yake. Kwana nawa? Ƙurajen sun fito? Tana shan fura? Tambayoyin nan sun zo mini har baki. Amma kawuna ne a tsaye, ɗan'uwan uwata, ga abokan aiki sun kasa kunne. In buɗe baki in nuna na damu da 'yar fari, a je gari a ce wane ya je birni ya zubar da kunya?

Na ce, "Allah shi sawwaƙe," kamar an ce mini akuyar wani ce ba ta da lafiya.

Kawu bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon lam, abin da na san bai dame shi ba ko kaɗan. Can ya ce, "Gobe da sassahe za ni juya. Raƙumin ba kaya."

Kira ne, na kuma ji shi. Ba zai iya ce mini taho ba, don in ya ce haka kamar ya yanke mata rai ne da bakinsa. Inna ma ba za ta aiko a kira namiji don 'yar fari ba. Iyakar abin da al'ada ta bar musu ke nan, su gaya mini akwai wuri a bayan raƙumi.

Na ce, "Kawu, aiki ya riƙe ni. Kwana biyu in gama, ina nan tahe da tarakta har ƙohwar gida."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To."

Da ya fita Shef ya matso, don ya ga fuskata ta canza.

"Lahiya? Un problème a gida?"

"Wata yarinya ce ba ta jin daɗi."

"Ɗiyarka ce?"

Abokan aiki uku suna tsaye. Na san gobe ƙaramar motar kamfani za ta Mayahi, daga can kuma gida ba nisa. Kalma ɗaya ce ta rage mini. Na ce, "Ta tsohuwa ce."

"Ah bon. Allah shi ba ta lahiya," ya ce, ya koma biro, wato ofishinsa.

Ban yi ƙarya ba, kowa a garinmu haka zai faɗa. Amma shekarun nan da na yi ina juya maganar sun koya mini kada in ɗora wa kunya kaya duka. Akwai nawa a ciki. Ina so a ce ni ne na fara shiga garinmu da lam, kamiyo na biye da ni. Har hujja na gina wa kaina mai kyau: in na buɗe hanya, ai motar da za ta kai yarinyar likita a Mayahi na buɗe wa. Na riƙe hujjar nan da hannu biyu, don ta bar ni in ci gaba da abin da nake so.

Washegari da safe na yanke farantan. Ma'aunin mita yana cikin biro a kulle, Shef ya fita, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Na buɗe hannuna a kan ramukan jikin tarakta, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya, na ƙara yatsu. Taƙi ɗaya da yatsa uku. Duk wanda ya taɓa kai aiki maƙera ya san kara ake karyawa daidai tsawon abin a tafi da shi. Ni ma na sani. Ga kara nan zube a bakin gareji, ban sunkuya na ɗauka ba.

Maƙerin wani dattijo ne a bayan kasuwa, mai yawan ba'a. Na gaya masa na lam ne.

"Lam?" ya ce. "To, Nasara sun kai lam. Bana lam, baɗi su aiko muku da mim, sannu sannu su sauke."

Na yi dariyar dole na faɗa masa awon. Ya shimfiɗa hannunsa a kan farantin ya yi alama da gawayi. Ina tsaye ina kallo. Hannun mutumin nan kamar faifai yake, nawa kuwa ɗan guntu ne tun ina yaro ake yi mini tsiya da shi. Idona yana kan hannunsa, hankalina yana bayan raƙumin da ya kama hanya tun asuba.

Yini guda muka yi. Ƙarfen kamiyo ba hauya ba ne, sai an zuga an zuga kafin ya yi ja, a ɗora ƙarfen huji a yi ta dukansa da guduma, ya huce, a mayar wuta. In ya huje sai wani ɗan guntun ƙarfe ya faɗo ta ƙasa, gajere, kewayayye, girman kan babban yatsa. Da na farko ya huce na ɗauka na auna a tafin hannu. Yana da nauyi. Nan take na tuna saƙon da aka ba ni ta hannun Inna. Duwatsun Tasawa kowa na iya tsintowa, amma wace yarinya ce a ƙasar Mayahi duka take da 'yar carafke ta ƙarfe? Na tsince huɗun na zuba a aljihu. Da la'asar na zauna da zarto na goge musu baki don kada su yanke ta.

Kashegari na liƙa farantan ba tare da na gwada ba, don na yarda da kaina. Mutum huɗu suka tallafi lam, na zura kusa ta farko ta shige lafiya. Ta biyu ta ci karo da ƙarfe. Ramin ya goce da yatsa ɗaya da rabi, haka ma ɗaya gefen.

Ina da zuciya, har yau ban rabu da ita ba. Na tafi maƙera ina tafasa, na ce wa dattijon nan ya ɓata mini aiki, na ce tsufa ya ci masa ido, na faɗi abin da ba a faɗa wa sa'an uba. Ya kamo hannuna ya buɗe shi a kan uwar maƙera, ya ɗora nasa a kai. Nawa ya ɓace a ƙarƙashi.

"Taƙin wa ka kawo mini?" ya ce.

Kwana biyu suka sake tafiya wajen ɓamɓare farantan, da yanko wasu, da sake huji. Wannan karon da kara na je. Guntayen ƙarfen suka zama takwas, kuma abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne murnar da na yi da su. Na ce a raina dama huɗu sun yi kaɗan, ga shi kuskurena ya cika mata kayan wasa.

Kusoshi suka shiga, muka kafa ƙarfen da waya ke bi ta kansa a gaban injin, muka ɗaura abin naɗe ta kusa da kujera. Lam ya tashi ya sauka yadda ake so. Abokan aiki suna ta yaba mini. Na ɗauko manibel in tayar da ita, sai na ga lam ya tare hancin tarakta gaba ɗaya, ba ta inda ƙarfen zai shiga. Ba wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu, har Shef da takardunsa. Wani yinin ya tafi, muka ƙona rami a jikin lam, dattijon da na zaga ya ƙara wa manibel tsawo. Duk kwanakin nan ba wani saƙo daga gida, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin lafiya, don haka ya fi mini sauƙi.

Kwana na shida muka kama hanya, ni a gaba, kamiyo a baya ɗauke da gazwal, man da injin ke sha, da ma'aikata masu shimfiɗa kara da rassa inda na share. Aikin sabo ne a hannuna. Mai noma da tarakta baya yake kallo, wajen garma, yanzu kuwa aikin yana gabana. In na sauke lam da yawa ya nutse, ƙafafun baya su yi ta juyawa a banza. In na ɗaga da yawa sai ya riƙa shafa rairayi kamar mai lallashi. Kafin azahar hannuna ya gane tsakiyar, tuddan suka fara buɗewa. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito, mata na guɗa, tsofaffi na sa albarka, ana miƙo mini fura a kan kujera. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ina tuƙi ina jin guntayen ƙarfen nan suna kaɗawa a aljihuna, ina tsara yadda zan ajiye su a gaban Inna in ce a ba mai su.

Rana ta uku da hantsi muka shiga Alasan Mairairai. Cikin masu kallo na hango wani mutumin garinmu. Na tsaya na kira shi. Ya zo ya ce sannu da aiki, idonsa a kan lam.

"Mutanen gida hwa?" na ce.

"Suna nan," ya ce, ya juya da sauri wai jakinsa zai ɓace.

Bai ce da sauƙi ba. A nan na gane. Ba a gaya wa matafiyi mutuwa a kan hanya, wannan ma na sani. Sauran tuddan ban san yadda na ture su ba, hannuna ne kawai yake aikinsa.

Bayan la'asar muka isa. Yaran gari suka kwaso a guje suka kewaye tarakta. Ni kuwa ba masu gudu nake dubawa ba, ina neman wadda za ta tsaya can gefe ta ba ni baya. Na kai lam har ƙofar gidanmu kamar yadda na yi wa Kawu alkawari. Tabarmi ne shimfiɗe a gindin danga, maza na zaune. Kawu ya taso yana magana, ƙarar injin ta hana ni ji. Na kashe ta.

"Sai haƙuri," ya ce. "Shekaranjiya da hantsi."

Kwana biyar ta yi da rai bayan komawarsa. Da na hau raƙumin nan da na same ta, da na goya ta zuwa Mayahi ko da a ƙafa. Ban ce da ta rayu ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma da ta gan ni.

Na zauna a tabarma aka yi mini gaisuwa ina amsawa. Ba a sa ran uban 'yar fari ya yi kuka, ni ma ban yi ba. Da shirun ya yi yawa sai wani dattijo ya tambaye ni yadda ƙarfen nan yake tashi. Tausayi ne, na gane, so yake ya ba ni inda zan ajiye idona. Na tashi na nuna musu. Na naɗe waya lam ya tashi, na sake ta ya sauka, na nuna musu farantan da ramin manibel. Na yi bayani tiryan-tiryan, 'yata tana kwana biyu a ƙasa. Ban taɓa ƙin kaina kamar a wannan tsayuwar ba.

Kawu ya raka ni makabarta. Ɗan tudu ne gajere, an ɗora masa ƙaya saboda dabbobi. Muka yi addu'a muka dawo, sannan na shiga wurin Inna. Ta rame. Tabarmar yarinyar tana naɗe a jingine da bango.

"Ka zo," ta ce.

"Na zo, Inna."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sanyi. Ta gaya mini ƙurajen sun fito sun koma, ciwon ya sauka a ƙirji. Ta riƙa murza bakin zanenta, kamar tana shawara da kanta ko ta faɗa ko ta bari.

"Ran da kawunka ya dawo ta ji kukan raƙumi, ta ce in tada ta zaune. Da ta gane shi ɗaya ne sai ta koma ta kwanta. Can ta ce mini, Inna, wai Shofer ya san sunana?"

Na ce, "Mi kika ce mata?"

"Na ce ya sani mana, kunya ce. Ta ce kunyar mi?" Inna ta share ido da bayan hannu. "Ban samu abin ce mata ba."

Na fito. Matata tana bayan ɗaki tana sussukar hatsi ita kaɗai. Ita ma 'yar farinta ce, ita ma shekara shida ba ta kira sunan ba, ba a kuma sa ran a ji kukanta. Na tsaya na zaro guntayen ƙarfen na buɗe hannu. Ta duba, ta gane ko na mene ne, don tana nan ranar da aka ba da saƙon. Ta ajiye taɓarya ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a gefen zanenta, ta ɗauki taɓarya ta ci gaba. Har ta rasu ban sake ganinsu ba, ban kuma tambaya ba.

Kamiyo ya cika da gyaɗar garinmu washegari, karo na farko, mutane suna ta murna a ɓoye saboda mu. Bayan sadakar bakwai Shef ya zo da kansa a ƙaramar motar nan, ta hanyar da na buɗe. Ya yi mini gaisuwa ya ja ni gefe, idonsa ya yi ja.

"Don mi ba ka ce mini ɗiyarka ce ba? Mota na tsaye ran nan. Da ta kai ka gida kahin ta wuce Mayahi."

Na ce haka Allah ya so. Ya girgiza kai ya bar ni.

Ni kaɗai na juyo da tarakta. Da na yi nisa, tsakanin tuddai biyu inda ba gona ba makiyayi, na ɗaga lam na buɗe mata wuta har ƙarshe. Injin ya yi ta ruri, ko ni ba na jin muryata. A nan na kira sunanta, karo na farko. Na kira na sake kira, ina gaya mata na sani, tun ranar suna na sani. A nan ne na yi kukan.

Daga ranar ya zama mini ɗabi'a. Duk inda na samu daji ni kaɗai a kan tarakta sai in buɗe wuta in kira ta sau ɗaya, in ci gaba da aiki. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, duk na kira su da sunayensu, na ɗauke su a kafaɗa a tsakiyar kasuwa, masu magana suka yi suka gaji. Da babban ɗana ya haihu na ji yana ce wa ɗan farinsa "kai yaro", na yi masa faɗan da har yau bai san dalilinsa ba. Amma nata sunan ban iya fitar da shi a gaban mutum ba. Ko yanzu da nake rubutun nan na ɗora alƙalami sau biyu na ɗauke.

Hanyar ba ta yi ƙarko ba, kowace shekara sai na koma na sake turewa, har fari ya zo gyaɗa ta bar ƙasarmu aka daina aike ni. Tarakta ta ƙara 'yan shekaru tana jan ruwa da itace, wata rana injinta ya fashe, aka tura ta bayan gareji kusa da kamiyon da na yanki farantai a jikinsa. Maƙera suka saye lam suka yi hauyoyi da shi. Na tuƙa motoci da yawa bayan nan, amma duk da mutane a ciki, injinsu kuma ba ya rufe murya. Tun ranar da taraktar nan ta mutu ban sake samun wurin da zan kira 'yata ba.